Yayyafi a Hannun Troels

Talata, 24 ga Oktoba, biyar na yamma

Na'urar ɗaki na huɗu ta lalace. Na manna mata takarda kada kowa ya taɓa ta sai Preben mai gyara ya duba. Abin da ya faru yau ke nan.

Laraba, 25 ga Oktoba, bakwai na safe

Jiya ban rubuta komai ba ashe. Bari in sake.

Shekara ashirin da wani abu ke nan, duk kaka idan sababbin likitoci suka zo koyon sauraren tsoka, mijina Troels ne yake zuwa ya zauna mana a matsayin lafiyayye. Dole su fara jin yadda tsokar mai lafiya take kafin a kai su kan marasa lafiya. Shi kuwa tsohon malamin waƙa ne, ba abin da yake so a duniya irin ya samu 'yan kallo. Sunan ma ya bi shi, a sashenmu ba mai ce masa Troels, sai Lafiyayye.

Darasin ba ya canzawa. In soka masa siririyar allura a tsokar da ke tsakanin babban yatsa da manuni, in buɗe lasifika, in ce, "Ku saurara. Me kuka ji?" Su ce ba su ji komai ba. In ce, "To darasin farko ke nan. Tsoka mai lafiya idan tana hutawa shiru take yi. Wadda jijiyarta ta fara sakin ta ita ce mai surutu ita kaɗai, kamar yayyafi a kan rufin kwano." Sai Troels ya kwaikwayi yayyafin da bakinsa, taf, taf-taf, taf, su yi ta dariya. Daga ƙarshe in ce ya motsa yatsan a hankali, shi kuma sai ya matse tsokar da irin ƙwanƙwasar da yake yi wa ƙofata tun muna saurayi da budurwa: biyu, ya ɗan tsaya, uku. Lasifika ta ce ƙwan-ƙwan, ƙwan-ƙwan-ƙwan. Ni kuma in ɗaure fuska in ce, "Shigo." Shekara ashirin muna wannan sakarcin, kuma kullum sai an yi dariya.

Jiya ba mu kai ga ƙwanƙwasa ba. Na soka allura, na buɗe lasifika, na ce ku saurara. Ban san lokacin da hannuna ya kai kan maɓallin ba, sai dai na ga na kashe. Na ce musu na'urar tana jawo ƙarar wutar lantarki, a tashi, za mu saurari tsohon sautin da aka naɗa.

Troels ya ce, "Af, Bodil, ko wasana ban yi ba."

Na ce, "Sai baɗi."

Ban sani ba ko ya kalle ni, don ni ban kalle shi ba.

Alhamis, 26 ga Oktoba, sha biyu da rabi na rana

Taron bincike. Vibeke, abokiyar aikina mai bakin reza, ta sake tuna mana cewa ranar talatin ga Nuwamba za a rufe ɗaukar mutane. Sabon magani ne ake gwadawa a asibitoci huɗu, kuma waɗanda ciwon bai daɗe da kama su ba kaɗai ake ɗauka. Rabi za su samu maganin, rabi ruwan gishiri, ba wanda zai san nasa. Ba wanda ya ce yana warkarwa. Ana dai fata ya rage wa abin gudu, kuma a wannan ciwon ba a taɓa samun abin da ya fi haka ba. Wanda ƙofar ta rufe yana waje, shi ke nan, ba wani gwajin sai bayan shekaru, shekarun da masu ciwon ba su da su.

Nawa aikin sauraro ne. A turo mini sautin tsokar mutum daga kowane asibiti, ba suna sai lamba, in saurara in ce ya cancanta ko bai cancanta ba.

Na san duk wannan, ni na rubuta rabin ƙa'idojin. Ban san me ya sa nake rubuta shi a nan kamar wadda ake yi wa jarrabawa ba.

Sunan ciwon kuma ba zan rubuta shi a littafin nan ba.

Juma'a, 27 ga Oktoba, goma na safe

Muna tsakiyar cin burodin da muka saba ci tare a sashe duk Juma'a, Preben ya shigo da takardata a hannu yana kaɗa ta.

"Bodil, na'urar nan ta fi ni lafiya. A hannuna na gwada ta, shiru kamar coci ranar Litinin."

Na ce to ranar Talata ba haka ta yi ba.

"Ranar Talata ma lafiyarta ƙalau. Kin dai san doka. Wanda ya yi shirme shi ke kawo kek."

Vibeke har da tafi. "Yau ga ranar da nake jira! Mai kunnen zinariya ta kasa bambanta tsoka da wutar lantarki. Mai kirfa nake so, kuma ba na kanti ba, da hannunki za ki gasa."

Na yi dariya tare da su. Na ji dariyar tawa a kunnena, ba ta yi kama da tawa ba, amma ba wanda ya lura. Shekara talatin ina gaya wa yara cewa na'ura ba ta ƙarya, mai sauraro ne ke yi.

Lahadi, 29 ga Oktoba, takwas na safe, ko tara

An mayar da agogo baya da awa guda kamar yadda ake yi a ƙasar nan duk kaka, na kicin ya ce wani abu, na waya ya ce wani. An ba ni kyautar awa guda na rasa inda zan sa ta, sai na ƙare ta a kallon hannunsa wajen karin kumallo.

Ba komai a hannun. Hannu ne. Da shi ya ɗauki kofi, da shi ya juya jarida.

Burodin hatsin da ya sayo yankakke ne. Mutumin da ya sha cewa yankakken burodi na malalata ne da mutanen babban birni. Na tambaye shi, ya ce shi ya rage a kanti.

Tsoka ɗaya ba ta yanke hukunci, kowane ɗalibi ya san wannan. Kan keke yana danne jijiyar hannu. Ƙashin wuya yana tsufa ya matse wata. Yana jingina gwiwar hannunsa a tebur in yana karatu, na sha yi masa magana. Sannan ko daƙiƙa biyu ban bari sautin ya yi ba, me mutum zai ji a daƙiƙa biyu?

Na ji abin da na ji.

Ban ji komai ba.

Litinin, 30 ga Oktoba, uku na rana

Na kai kek mai kirfa, an cinye tas. Ban san wane shirmen na biya ba.

Talata, 31 ga Oktoba, shida na yamma

Ya hau jirgin ƙasa ya tafi arewa tun safe, wai zai duba wani tsohon piyano da ake sayarwa. Muna da piyano. Ga shi nan ya cinye rabin falo, ni nake goge masa ƙura.

Da ya dawo na ce, "Ina za mu sa na biyu? A kaina?"

Ya ce, "Kallo kawai na je yi. Kallo ai ba saye ba ne."

"Ya sautinsa?"

Ya daɗe yana cire rigar sanyi kafin ya amsa. "Wasu igiyoyin sun saki."

Na shiga kicin na ɗora dankali. Da shi ne mai feraye dankali a gidan nan. Yanzu ya ce bawon ne mai amfani, a dafa da shi. Yaushe ya fara faɗin haka? Na yi ta tunani na kasa tunowa, kuma ni ce wai mai lura.

Alhamis, 2 ga Nuwamba, huɗu na yamma

Yau na gaya wa wani mutum. Direban motar ɗaukar madara ne, matarsa na gefe riƙe da hularsa. Na zaunar da su, na faɗi sunan ciwon sarai ba kwana-kwana, na ba su lokaci, na yi musu bayanin gwajin, na ce kada su yi jinkiri ko na mako guda. Matar ta riƙe hannuna ta ce ta gode da na fito mata a mutum.

Na iya abin nan. Na iya shi sosai, har koyar da shi nake yi. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Asabar, 4 ga Nuwamba, sha ɗaya na safe

Na dawo daga kasuwa na tarar da ƙofa ba a kulle ba, shi kuma yana can wajen maƙwabci. Karo na uku ke nan. Makullinmu tsoho ne, sai an danna da babban yatsa an murɗa da ƙarfi.

Na yi masa faɗa. Ya ce, "Wa zai sace mu? Ɓarawon da ya shigo ya ga littattafanki ai sadaka zai bar mana."

Na yi dariya don abin ya ba ni dariya. Daga baya na shiga banɗaki na buɗe famfo na zauna a bakin baho. Ban yi kuka ba, zama kawai na yi. Haushinsa nake ji, kuma ban san laifinsa ba.

Lahadi, 5 ga Nuwamba, biyu na rana

Na bi shi coci don ƙungiyar mawaƙansa ce ke waƙa yau. Ya yi mamaki, rabona da zuwa tun bikin Sidsel 'yarmu. Na zauna a gaba inda zan ga bakinsa. Mutane suna sauraron waƙa, ni ina leƙen harshen mijina ko zan ga yana rawa. Ban ga komai ba, nisa ya yi yawa.

Da hagu ya kaɗa musu. Da can da wane hannu yake yi? Shekara talatin da shida ina kallon mutumin nan yana kaɗa wa mutane hannu, yau an ce in rantse da wanne ne, ba zan iya ba. Da muka dawo na ɗauko tsofaffin hotuna. A wani dama ce a sama, a wani hagu, a wani duka biyu.

Talata, 7 ga Nuwamba, biyar na yamma

Mun yi tafiya a bakin teku kafin duhu. Na kama hannunsa kamar yadda muka saba. Ban yi niyya ba, wallahi ban yi ba, sai na ji babban yatsana yana lalube tsakanin yatsunsa, yana neman ko wurin ya fara ramewa.

Ya zare hannun a hankali ya sa a aljihu. "Likita, an tashi daga aiki."

Da wasa ya faɗa. Ina jin da wasa ne. Mun ƙarasa tafiyar muna zancen farashin man ɗumama gida.

Idan na faɗa, shi ke nan ya zama gaskiya, daga ranar ba sauran Lafiyayye, sai maras lafiya da matarsa. Idan ban faɗa ba, muna da yau, muna da gobe, ga teku ga kofi, sai dai ƙofar can tana rufuwa. Idan kuma kan keke ne, na tayar wa bawan Allah hankali a banza. Kowanne na ɗauka sai in ga ɗayan ne daidai.

Asabar, 11 ga Nuwamba, tara na safe

Jiya daren cin agwagwa na al'ada da ake yi duk shekara, Sidsel da mijinta Jeppe sun zo. Tun da muka yi aure Troels ne ke yanka agwagwa a tebur, da wuƙar babansa, yana yi yana jawabi ba wanda ya tambaye shi. Jiya ya wasa wuƙar, ko in ce ya fara wasawa, sai ya miƙa wa Jeppe.

"Karɓi, surukina. Lokaci ya yi da za ka nuna mana me ka iya banda ci."

Jeppe ya daddatsa agwagwar kamar mai faskare, kowa na dariya. Ni na ci jan kabeji har ya ishe ni don kada in ɗaga kai.

A kicin Sidsel ta rufe ƙofa ta ce, "Mama, kun yi faɗa da Baba ne?"

Na ce wane irin faɗa.

"To ai gara faɗan. Tun da na shigo kuke yi wa juna ladabi kamar baƙi a jirgin ƙasa. Ya zuba miki miya kin ce kin gode. Ke! Yaushe kika fara gode wa Baba?"

Na ce tsufa ne. Ta ce tsufa bai taɓa sa ni ladabi ba, kuma ba za ta yarda yanzu ya fara ba. Na miƙa mata tawul na ce ta goge kwanuka.

Litinin, 13 ga Nuwamba, bakwai na safe

Ruwa tun asuba. Rumfar kekunanmu rufin kwano ce, kuma tana ƙarƙashin tagar ɗakin kwana.

Talata, 14 ga Nuwamba, bakwai na yamma

Arewa kuma. Piyano kuma.

Da ya naɗe hannun riga zai wanke hannu na ga auduga da filasta a lanƙwasar hannunsa. Ya ce allurar mura ya tsaya aka yi masa a hanya.

Allurar mura a dantse ake yin ta.

Ko yanzu an canza? Kullum canza abubuwa suke yi. Gobe zan tambayi wata a asibiti. Ba zan tambaya ba.

Alhamis, 16 ga Nuwamba, ɗaya na rana

Na kusa gaya wa Vibeke. Muna cin abincin rana mu biyu, ta ce saura gurbi uku a duk ƙasar, asibitin arewa kuma sun ce suna da mutum biyu a hanya.

Na ce, "Vibeke, da a ce wani naki ne fa? Kin ga alama, amma ba ki tabbata ba."

Ko ɗaga kai ba ta yi daga kifinta ba. "Da tun jiya na jawo shi da kunne."

"Ko da ruwan gishiri zai samu?"

"Ko da ruwan wanki ne. Ke wai me ke damunki kwanan nan? Ba ke kike ce wa mutane in kunne ya ji jiki ya tsira ba?"

"In kuma ba komai ba ne, kin ɗaga masa hankali?"

"Sai in gasa masa kek." Sai ta ajiye cokali ta dube ni. "Bodil. Waye?"

Na ce wata maƙwabciya ce. Ta ce in kawo ta gobe. Na ce to. Ba mu da maƙwabciya, tsohon da ke gefenmu gwauro ne, ɗaya gefen kuma fili ne.

Lahadi, 19 ga Nuwamba, huɗu na yamma

Yau na shirya faɗa. Na dafa kofi, na kunna kyandir biyu, na jera maganar a kaina kamar yadda nake jera wa baƙi: a zauna, a faɗa sarai, a ba da lokaci. Ya zo ya zauna. Ana ruwa sama-sama.

Kafin in buɗe baki ya karkata kai wajen taga ya ce, "Bodil, kin ji yayyafi?"

Na ce ban ji ba.

"Ke da aka ce kin fi kowa kunne a ƙasar nan?"

Sai kawai na ji na hau shi da faɗa, wai ya ajiye kofi a kan tebur ba faifai, zai ɓata katako. Na yi ta yi, har da zancen teburin da ya ɓata shekara goma da suka wuce. Ya bar ni na gama. Ya sa hannu biyu ya ɗaga kofin ya ɗora a faifai ya ce, "To, an gyara."

Yanzu ina zaune ina tambayar kaina. Zancen ruwa yake yi? Ana ruwan kuwa, kowa ya ji. Mutum ba shi da ikon ya ce ana yayyafi in ana yayyafi? Ko hannunka mai sanda ya yi mini? In ya sani, me ya hana shi faɗa? In bai sani ba, me ya sa ya ɗaga kofi da hannu biyu yana kallona?

Kyandir ɗin sun ƙone har ƙasa.

Alhamis, 23 ga Nuwamba, takwas na safe

Saura mako guda. Saura gurbi biyu.

Juma'a, 24 ga Nuwamba, sha biyu na rana

Vibeke ta tambayi maƙwabciya. Na ce ta warke.

Litinin, 27 ga Nuwamba, shida na yamma

Na kama ɗaki na huɗu ranar Laraba da safe. Ko a ranar aka fara, ban san ko za a gama gwaje-gwajen kafin Alhamis ba. Ba za a gama ba, na sani. Wata guda na zauna a kai kamar kaza a kan ƙwai, ni da nake ce wa matan mutane kada su yi jinkiri ko na mako guda.

Na ce masa, "An gyara na'ura. Ka zo ranar Laraba a sake darasin."

Ya ce, "Laraba ina da piyano."

Na ce, "Wai wane irin piyano ne wannan da ake zawarcinsa wata guda? Ka saya ko ka bari!"

"Ba a hannuna abin yake ba. Sun ce akwai wanda zai saurara tukuna ya faɗi ko ya yi."

Na ce to Allah ya ba mai sauraron kunne, na tashi na bar masa falon. Tsoro nake ji. Na rubuta shi yau, tsoro nake ji, kuma na makara.

Talata, 28 ga Nuwamba, biyu na rana

Bari in rubuta yadda ya faru, a jere.

Da safe sauti biyu suka iso daga asibitin arewa, na ƙarshe ke nan. Na rufe ƙofa na sa abin sauraro a kunne. Na farko mace ce, ta cancanta. Na biyu namiji, lamba kawai kamar kullum. An fara da tsokar ƙafa tana hutawa: yayyafi. Tsokar baya: yayyafi. Hannun dama: ruwa sosai. Wuri uku, ba sauran zancen kan keke. Amma da sauran ƙarfi a tsokokin, ciwon bai yi nisa ba, irin wanda ake nema ne daidai. Na sa alamar ya cancanta. Har na ce a raina, ko wane ne wannan ya yi sa'ar mata, ta kawo shi da wuri.

Saura ɓangaren ƙarshe, inda ake ce wa mutum ya motsa yatsa a hankali. Na kusa tsallake shi don na riga na yanke hukunci. Na dai bari ya ci gaba ina tattara takardu.

Ƙwan-ƙwan. Shiru. Ƙwan-ƙwan-ƙwan.

Na ce, "Shigo."

Da ƙarfi na faɗa ashe, don Preben da ke wucewa ya turo ƙofa ya ce, "Ni?" Ya ga fuskata, ya ja ƙofar ya tafi ya kira Vibeke.

Na mayar mata da sautin baya na sa mata a kunne. Ta sha jin ƙwanƙwasar nan a darasi, ba sai na yi bayani ba. Ta cire abin ta zauna a ƙasa, a ƙasa fa, Vibeke. Can ta ce, "Maƙwabciya, ko?" Sai ta share ido ta koma Vibeken da na sani. "Daga yanzu ba ke ba binciken nan, kin san mai lambar. Hukuncinki ya faɗi. Ni zan saurara daga farko in sa hannu, in kuma sanar da su. Tashi ki tafi gida, kin ishe ni."

Ina cikin bas saƙonta ya shigo. Kalma biyu: ya shiga.

Talata, bakwai na yamma

Na tsaya a ƙofar gidana da makulli a hannu, na san kuma ba a kulle take ba. Na mayar da makullin jaka. Na ƙwanƙwasa biyu, na tsaya, na yi uku.

Daga ciki ya ce, "Shigo."

Yana zaune a kicin, hannayensa biyu a kan tebur. Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun Agusta. Makullin nan ne ya fara gaya mini. Likitanmu ya ce zai tura ni sashenku, na ce a'a, a kai ni arewa."

"Ranar darasi ka sani ke nan."

"Ana kan dubawa, amma na sani. Shekara ashirin ina yin yayyafin nan da bakina, Bodil, kina tsammanin ba zan gane shi ba? Na rasa ta inda zan fara miki. Na ce bari in kai mata ofis, a can ta fi jin magana. Sai kika kashe ni."

"Lasifika na kashe."

"To ai da ita nake magana."

Na ce masa mugu, na ce masa wawa, na ce wata guda ya bar ni ina haukata ni kaɗai. Ya ce shi ma wata guda yana jira in gama haukan, ya ɗauka ban shirya ji ba. Na ce in da ban saurari ƙarshen sautin ba fa? Ya ce bai taɓa ganin na bar aiki a rabi ba sai sau ɗaya. Ma'aikaciyar asibitin arewa da ta naɗi sautin ma wai sai da ta ce masa, "Malam, a hankali ake matsawa, ba kiɗa aka ce ka yi ba."

Na gaya masa saƙon Vibeke. Ya gyaɗa kai, ya ce ko ruwan gishiri ne ya sha na teku ya fi sau ɗari. Sai a lokacin na yi kukan. Ya bar ni na riƙe hannun, na lalube shi son raina, wurin ya rame kaɗan, bai zare ba.

Can ya ce, "Baɗi wa zai zauna muku?"

Na ce Preben.

"Preben bai iya yayyafi ba. Ni zan zo. Su fara jin shirunsa, sannan su ji ni. Wannan karon ba sai na yi da baki ba."

Gobe zan bi shi arewa, jirgin takwas da kwata. Sidsel kuma sai mun dawo, tare za mu kira ta.

Ya ce tunda ni na shigo ƙarshe, in kulle ƙofa. Na kulle.